Fiffiken Jirgi a Gidan Mama Uche

Na daɗe ina jin ku kuna gaya wa 'ya'yanku wai faɗan mata ne ya raba gidanmu biyu, wai mahaifiyarku da matar Baffanku Haladu ne suka kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa ya kwashe iyalinsa ya koma Fatakwal ya bar mu a Inugu. Ban san wanda ya fara wannan magana ba, amma na san wanda ya ƙyale ta ta yi shekaru tana yawo. Ni ne, domin ta rufa mini asiri. Matan nan biyu tukunya ɗaya suke girki, kitso ma junansu suke yi wa, ranar rabuwa sai da aka ɓamɓare su daga jikin juna. Abin da ya raba ni da yayana fiffiken jirgin yaƙi ne, guda ɗaya, na hagu. Ku yi dariyarku ku gama, sannan ku ci gaba da karatu.

Mu biyu kaɗai mahaifinmu ya bari, ya bar mana sana'ar zubin tukwane. Mu narka alminiyam, mu zuba a cikin yashi, tukunya ta fito. Yaya Haladu ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun da tsohonmu ya rasu shi ne uwa shi ne uba. Shi ya koya mini aiki, shi ya yi mini aure, kuma lokacin da gari ya rikice kafin yaƙin basasa shi ya cusa ni ta tagar jirgin ƙasa mai zuwa Kano, shi kuwa ya yi rabin tafiyar a maƙale a bakin ƙofa. Mutum ne mai ƙaton gemu da yake ji da shi fiye da kima, sau uku yake taje shi a rana, kuma in ya yanke magana ba ya son a ƙara mata ko gishiri. Ni kuwa kun dai san ni. Mahaifiyarku takan ce da ana cin taurin kai da ba a taɓa ɗora tukunya a gidanmu ba.

Bayan yaƙi muka dawo unguwarmu ta Ogui a Inugu, ba mu san abin da za mu tarar ba. Muka tarar da Mama Uche, mai gidan da muke haya, ta rame har sai da muryarta muka gane ta. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma ta yi zaman Zariya da mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa, Hausa a bakinta tamkar a nono ta tsotsa. Ta buɗe mana ɗakunanmu biyu, ta sa aka haƙa ƙarƙashin madafarta aka fito mana da samfuran tukwanenmu na katako, waɗanda muke fitar da siffa da su a yashi, da ta binne. A wancan lokacin akwai wata doka da ba wanda ya kafa ta amma kowa yana bi: ba a tambayar mutum ina wane. In ka shiga gida ka ga wani ba ya nan, ka gaishe da waɗanda ka tarar ka ja bakinka. Ba ta tambaye mu waɗanda muka rasa ba, mu ma ba mu tambaye ta ina 'yarta Uche ba, budurwar da muka bari tana taya ta sayar da manja.

Sai kuɗin mai ya zo. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya haukace. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi rediyo mai girman akwatin aure, wanda duk aka haifa masa ɗa sai ya ciyar da unguwa guda. Biki kuwa ba ya yiwuwa sai da babbar tukunya, don haka wutarmu ba ta mutuwa. Zamanin ado ne, mota sai an maƙala mata ƙarfe mai ƙyalli ta ko'ina, mu ma tukwanenmu sai da tauraro da jinjirin wata a murfi. Har Yaya ya ƙirƙiro wani murfi mai zakara a tsaye, wanda ba abin da yake yi sai tara dauɗa, amma mata suna rububinsa. Damuwarmu ɗaya ce, ƙarfe. Duk wani tsohon fistin na mota da lotsattsen kwano a garin an tsince shi. Ga shi matan wani coci sun ba mu aikin manyan tukwane goma sha biyu suna so kafin Kirsimeti, Yaya kuma ya shafa gemu a gabansu ya ce su ɗauka an gama.

Wata safiya ya ji ana gwanjon tarkacen yaƙi can wajen filin jirgi. Ya tafi da hantsi, ya dawo bayan azahar a gaban tifa yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Sai da mahautan unguwa da 'yan dako suka taru, aka cire ƙyauren gida, sannan aka shigo da abin aka ɗora shi a kan duro huɗu a tsakar gida, kusa da rumfar aikinmu.

"Sale, ga tukwanen coci nan na kawo maka," in ji Yaya, yana karkaɗe hannu. "Ɗauko kurfi da guduma. Nan da Juma'a ina son in gan shi gunduwa-gunduwa."

"To, Yaya."

Yankan ƙarfe da hura wuta aikina ne, shi kuma yashi da kasuwa. Na ɗauko kurfin na zaga ina neman inda zan fara, kafin in sa guduma sai na shafa, kamar yadda kowane maƙeri yake shafa ƙarfe ya ji kaurinsa. Wannan shafar ita ta jawo komai. Tsawonsa ya kai taku shida na babban mutum, ya karkata baya. Gabansa mai kauri ne, a dunƙule kamar kan tarwaɗa, sai ya yi ta sirancewa a hankali, ba ka iya cewa ga inda ya fara, har ya ƙare a baya da kaifi. Ƙusoshi kuwa ba sa ƙirguwa, a jere sahu-sahu, amma ka rufe ido ka shafa ba za ka ji ko ɗaya ba, an lafe kawunansu daidai da fatar ƙarfen don kada iska ta sami abin kamawa. Na lura a gindinsa, inda yake haɗuwa da jikin jirgi, ƙusoshin sun matsu da juna, can ƙarshensa kuwa sun yi nesa-nesa. Na daɗe a tsaye kafin in gane cewa inda nauyi yake nan aka tara su, inda babu aka rage. Na leƙa ta inda aka ɓalle shi, na ga haƙarƙarinsa a jere, kowanne an huda masa ramuka, an cire duk ƙarfen da ba ya aikin komai. Babu tauraro, babu zakara. Na nemi abu ɗaya da aka sa don a burge mai kallo ban samu ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamarsa ba. Shekara ashirin ina taɓa ƙarfe, ranar na ji kunyar kaina. Na ajiye kurfin a ƙasa.

Kada ku ce ban san aikin da aka ƙera shi dominsa ba. Na sani, a baki. Amma mu a Kano muka yi zaman yaƙi, jirgin yaƙi a wurinmu ƙara ce da take wucewa a sama, mutane su ɗaga kai su koma harkarsu. Ni dai hannun wanda ya yi aikin nake gani, ina ta tunanin wane irin mutum ne, ko shi ma yana da yaya mai gemu da yake cewa a ƙara zakara.

Juma'a ta zo na ce kurfin ya dakushe. Ta gaba na ce ai irin wannan ba a yanka shi da ka, sai an gane hanyarsa. Ta uku na ce bayana yana ciwo, amma ciwon bai hana ni fitowa da tsumma bayan asuba ina goge shi ba. Matan gida suka ga wuri mai faɗi da santsi, suka fara shanya barkono da kuɓewa a kai, na tashi da bala'i. Akuyar maƙwabta ta hau ta zame ta faɗo, ta sake hawa, na bi ta da guduma har bakin titi. Wata rana aka yi iska mai ƙarfi gabanin ruwa, fiffiken ya ɗaga kansa daga kan duro kamar taƙi ɗaya, ya dawo ya danne akurkin kajin matar Yaya. Kowa yana salati yana neman kaji, ni kuwa ina tsaye cikin ruwa baki buɗe ina cewa, kun gani, har yanzu tashi yake so ya yi.

"Malam," in ji mahaifiyarku, "tun da aka kawo ni gidan nan ko faranti ba ka taɓa goge mini ba. Wannan kuwa sau biyu a rana. In ka gama ka tambaye shi me za a ci yau."

Abin bai tsaya nan ba. Na koma kan samfuranmu da magagari, na goge tauraro, na goge jinjirin wata, na tsinke zakaran Yaya daga kan murfi na ce ba ya aikin komai. Na rage kaurin bakin tukunya na ƙara na gindi, inda wuta take ci. Wannan kam na yi daidai, irin tukunyar da kuka taso kuka tarar ina yi ke nan. Amma a lokacin mata suka ɗaga murfin suka juya, suka ce wannan ai ta talakawa ce, ina mai zakara? Yaya ya dawo daga kasuwa da su a ka, fuskar nan kamar hadari.

"Sale, ƙarfe ne fa. Ƙarfe! Na sayo don a narka, ba don a yi masa wanka ba."

"Yaya, don Allah zo ka shafa nan kawai. Rufe ido ka shafa."

"In rufe ido in shafa? Ni? Da gemuna?"

"Wallahi ba za ka ji ƙusa ko ɗaya ba."

"Kai za ka ji ta a ka in ba ka kiyaye ni ba."

Ba shi kaɗai nake gayyata ba. Duk wanda ya shigo gidan, ko neman wuta ya zo, sai na ja shi ya shafa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa amsa gayyatar ba, Mama Uche. Famfo yana bayan fiffiken, amma sai ta zaga ta bayan ɗakuna da bokitinta, tafiya ninki uku. In na ce, Mama, zo ki ga aikin masu hankali, sai ta ce, na gani, Sale, ta wuce ba ta waiwaya ba. Ni a wautata na ɗauka mata ne dai, ba su san daɗin ƙarfe ba.

Rannan haƙurin Yaya ya ƙare, ya ɗauko gatari da kansa. Na riga shi, na haye kan fiffiken na zauna na naɗe ƙafa, magidanci da ni, 'ya'ya biyu. Mutane suka leƙo ta katanga. Ya dube ni, ya dubi masu leƙe, ya sauke gatarin a hankali. Da ya yi mini ihu da ya fi mini sauƙi, amma murya ƙasa-ƙasa ya yi magana.

"Ba zan yanka ba, kuma ba zan sa wani ya yanka ba. Kai za ka yanka da hannunka, don in san ko har yanzu ina da ƙane. Na ba matan nan baki a gaban jama'a. In Kirsimeti ta zo ba su ga tukwanensu ba, ni da kai mun gama cin tuwo a kwano ɗaya."

Na san ba wasa yake ba. Amma maimakon in ɗauki kurfi sai na shiga neman dabara. Saura kwana goma na samo ta. A ƙarƙashin fiffiken akwai ƙafar jirgin a naɗe, da tayarta. Na ce a raina ai taya ba ta tashi sama, a ƙasa take aiki kamar ta amalanke, zan iya rabuwa da ita. Na kwance ta, na ɓare robar, na kai wa Yaya wilin ƙarfen na ce a fara da wannan, sauran na nan tafe. A sana'armu da hannu ake gane ƙarfe. Ka ɗaga ka jijjiga, mai nauyi gauraye ne, marar nauyi shi ne na ƙwarai. Wilin nan faɗinsa kamar babban faifai, amma da yatsa biyu Yaya ya ɗaga shi. Fuskarsa ta washe, karo na farko cikin wata uku.

"Kai! Wannan ai shi ne uban alminiyam. Hura wuta, Sale."

Daga baya wani tsohon soja ya gaya mana ba alminiyam ba ne sam. Wani ƙarfe ne daban da ya fi shi rashin nauyi, amma in ya ji zafi sosai shi kansa yake zama wuta. Mu ina muka sani? Da hantsi muka fasa shi muka zuba a kasko, ina kan zugazugi ina bugawa da ƙarfi don in wanke laifina, Yaya kuma ya sunkuya yana leƙa kaskon, gemu a gaba. Sai wani haske ya tashi, fari fat, wanda ya sa rana ta zama kamar aci-balbal. Na daina ganin komai. Na ji Yaya yana ihun a kawo ruwa. Mahaifiyarku, baiwar Allah, ta zo da bokiti guda ta watsa, kaskon ya yi wata irin tsawa ya tofar da wuta ta ko'ina, rumfa ta kama. Mahauta suka shigo da gudu da nasu bokitan, kowa ya watsa sai wutar ta ƙara tashi kamar kananzir ake ba ta. Kaji suna tashi sama, wani yana kiran sallah ba lokacinta ba. Ana cikin haka Mama Uche ta fito daga ɗaki da wata murya da ban san tana da ita ba.

"No wota! No wota! Ku bar ruwa! Yashi, busasshe, ku kawo yashi!"

Ta ture wani ƙaton mahauci, ta cika faranti daga tulin yashinmu ta kifa a kan kaskon, ta sake cikawa. Mutane suka bi ta. Kafin a jima wutar ta kwanta, sai hayaƙi da warin gashi. Rumfa ta tafi, samfuran katako sun tafi. Yaya yana zaune a ƙasa, matarsa ta kashe masa wutar riga da zaninta. Gira babu, gemu kuwa rabi ya tafi rabi ya tsaya, kamar gonar da aka fara girbi aka tashi. Da aka tabbata da ransa da idonsa, wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, shi ke nan tsakar gida ta ɓarke. Shi bai yi dariya ba. Juyawa yake yana neman wani abu a cikin mutane, kuma ni yake nema. Ya same ni a kan fiffiken, da jiƙaƙƙen buhu a hannu ina kashe tartsatsi. Ban san lokacin da na hau ba. Wallahi ban sani ba, ƙafata ce ta kai ni, amma ta kai ni can ba ta kai ni wurinsa ba.

"Sale," ya ce, "fiffiken lafiya?"

Ku ji amsar da ubanku ya bayar.

"Lafiya lau, Yaya. Ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya aske sauran gemun da kansa. Washegari ya rufe fuska da rawani ya je ya ba matan coci haƙuri, suka ce ba komai, za su sayo a kasuwar Anaca, amma labari ya riga shi zuwa, suna ba shi haƙuri suna danne dariya. A rana ta uku ya ɗaure kaya. Wani abokinsa mai sayar da albasa a Fatakwal ya daɗe yana kiransa. Bai yi mini faɗa ba, ya raba kayan aikin da suka tsira biyu, ya ba ni zugazugi mai kyaun ya ɗauki mai faci. Na raka su tasha ina cewa a raina fushi ne, in gira ta fito zai dawo. Na koma gida na tarar da fiffikena yana ƙyalli, babu mai cewa in yanka. Na ɗauko tsumma, amma sai na mayar da shi ban goge ba.

Bayan kwana biyu na tarar da Mama Uche tana tankaɗe gari a ƙofar madafa. Na tsuguna na yi mata godiya, don ba don ita ba da gidan gaba ɗaya ya tafi. Sai na karya dokar nan ba tare da na san ina karya ta ba. Na ce, Mama, ke kuwa a ina kika san yashi ne maganin wannan wuta? Ta ci gaba da tankaɗe, har na ɗauka ba ta ji ba.

"Na taɓa ganin irinta," ta ce. "A ƙauyenmu, inda muka gudu. Ranar kasuwa ce. Jirgi ya zo ƙasa-ƙasa, cikinsa yana ƙyalli kamar wannan naka. Abin da ya saki ya kama da farar wuta. Muka yi ta zuba ruwa, Sale, muka yi ta zuba ruwa. Uche tana layin masu manja."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Wata uku kana kirana in zo in shafa."

"Mama, me ya sa ba ki ce a fitar da shi ba? Gidanki ne."

"Ku baƙi ne da kuka dawo da tsoro. In na ce a fitar da shi, za ku ce ku nake kora."

Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba. Na tashi na ɗauko kurfi da guduma. Kwana tara na yi ina kwance shi, don ko a lokacin na kasa sara shi kamar itace, ƙusa-ƙusa na bi ina cirewa. Kuma tun da na ce gaskiya zan rubuta, to ga ta: duk fatar da na ɗaga sai na ga wani aikin da ya fi na baya kyau. Ina jin maganar Mama a kunne, ina ganin kyawun abin a ido, ɗaya bai kori ɗaya ba. Har yau ban san yadda zan daidaita su ba, na dai bar su haka.

Na sake sassaƙa samfuri, na tara yashi, na ciro ƙarfen fatar kaɗai, na gwada ɗan guntu a wuta daga nesa, da bokitin yashi a kusa. Ya narke lafiya. Sai wata matsalar ta taso. Babban kasko mutum biyu ne suke ɗaukarsa, a kan sandar ƙarfe, ɗaya nan ɗaya can, su taka tare su karkata tare. Na tsaya riƙe da gefena ina duban ɗaya gefen. Mahaifiyarku tana da tsohon ciki, ba ta iyawa. Sai Mama Uche ta ajiye tsintsiya, ta gyara ɗaurin zani, ta naɗe hannu da tsumma ta kama. Na ce, Mama, da nauyi fa. Ta ce in taka kawai. Muka zuba tukunya shida rannan, ita da ni. Da muka gama ta leƙa kaskon ta ga babu saura, ta tofar da yawu, ta je famfo ta miƙaƙƙiyar hanya ta wanke hannu.

Tukwanen suka fito suna sheƙi, har na fara jin kaina. Suna cikin hucewa sai na ji ƙas. Can kuma ƙas. Kafin la'asar biyar sun tsage daga baki har gindi, ta shida ta jira sai da aka ɗora mata ruwa sannan ta bi 'yan'uwanta. Ƙarfen jirgi an haɗa shi ne don a lanƙwasa a ɗinke da ƙusa, ba ya yarda da zubi. Ashe ko da na yanka shi tun Juma'ar farko, matan coci ba za su ga tukunya ko ɗaya ba. Mama ta zo ta duba, ta buga wata da ƙafa, sai ta fashe da dariya har da hawaye, dariyar farko da na ji ta yi tun dawowarmu. Ta ce abin nan ko miya bai iya ba.

Na naɗe tukunya ɗaya a buhu na hau motar Fatakwal. Na sami Yaya a kasuwar Mayil Tiri, bayan 'yan albasa, ya kafa 'yar rumfa da zugazuginsa mai faci. Gira ta fara tsirowa, gemu kuwa kamar na sabon balaga. Da ya gan ni ya miƙe, muka gaisa har ƙasa kamar yadda aka saba, ya aika gida a gaya wa matarsa na zo. Na kwance buhun na ajiye masa. Ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya sa yatsa a tsagar.

"Shi ke nan fiffiken?"

"Shi ke nan, Yaya. Duk shida haka suka yi."

"Da hannunka ka yanka?"

"Da hannuna."

Ya ci gaba da juya tukunyar, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Muka yi dariya har masu albasa suka taru. Ya sa aka kawo mini ruwa da goro, ya gyara zama, ya share ido, ya dube ni kamar mai jiran wani abu. Da ban ce komai ba sai ya ce:

"To, da ka buɗe shi, yaya cikinsa yake?"

Wata uku ina roƙonsa ya duba ya ƙi, yau ga shi da bakinsa yana tambaya. Daɗi ya kwashe ni. Na share ƙasa na ɗauki tsinke na fara zana masa. Na nuna masa yadda ƙashin bayan ya bi ta tsakiya, yadda igiyoyin ƙarfe suka ratsa ta ramukan haƙarƙari ba su taɓa komai ba, yadda aka bar wa ƙafa ɗaki daidai jikinta. Aka yi azahar na ci gaba, aka yi la'asar na ci gaba. Yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to. Da rana ta yi sanyi na tuna motar Inugu ta ƙarshe, na miƙe a gurguje. Ya raka ni tasha, ya riƙe mini buhu har na hau, ya ce in gaishe da Mama da mutanen gida. Na dawo ina murna wai mun shirya. Mun shirya kuwa, muna ziyartar juna da salla, kun san gidansa ya san namu. Amma ba mu ƙara ɗaukar kasko tare ba, kuma ni na ɗauka Fatakwal ce ta karɓe shi ya ga ba dalilin dawowa.

Sai bayan rasuwarsa, muna zaman makoki a gidansa na unguwar Rumuokoro a Fatakwal, matarsa ta kira ni gefe. Ta tsufa, ni ma na tsufa. Ta ce akwai abin da ya hana ta faɗa mini yana raye.

"Ranar da ka zo da fasasshiyar tukunyar nan, saƙon da ya aiko mini gida shi ne in fara haɗa kaya, Sale ya zo ɗaukarmu. Na ɗaure komai, har tabarmi na naɗe, na zauna a kan akwati ina jira. Da magariba ya shigo shi kaɗai. Na ce ina Sale? Ya ce ya tafi. Na ce bai ce mu koma ba? Ya ce, bai samu dama ba, yana ba ni labarin jirgi. Sannan ya ce mini, kwance kayan."